Baffan da Ba Ya Cin Kifi

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Baffa, mahaifin maigidana, ya amsa kiran Ubangijinsa wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar ɗiban tumatir. Duk wanda ya san yankinmu, nan tsakanin Kura da Bunkure, ya san a irin wannan lokaci ko gobara ce ta tashi sai manomi ya waiwayi kwandonsa kafin ya ɗauki bokiti. Amma ranar an bar kwanduna jere a bakin titi, direbobin manyan motoci suna ta danna hon, jama'a kuwa sun nufo ƙofar gidanmu da laka a ƙafafunsu.

Ni ina cikin gida tare da mata, abin da ake faɗa a waje sai dai a kawo mana. An ce wani tsohon manomi ya rantse tun da Baffa ya zauna a garin nan, saniyarsa ba ta taɓa sa baki a gonar kowa ba. Wani ya ce shi Baffa ne ya raba shi da wani makiyayi ranar da har an zare adda. Fulanin ruga sun zo a kan babura, uku uku, suka zauna a gefen tabarma da sandunansu a kan cinya. Matan unguwa kuwa magana ɗaya suke maimaitawa: “Ya huta, bawan Allah, ya huta.” Gaskiya suka faɗa. Wanda ya ji yadda numfashinsa yake fita a watanninsa na ƙarshe ba zai yi masa baƙin cikin tafiya ba.

Da la'asar sai ga Goggo, ƙanwarsa, daga can wajen Falgore inda take aure. Rabonta da gidan ya yi shekaru. Ta shigo ta rungume Inna, matar Baffa, suka yi kukansu. Da ta share hawaye ta gyara zama, sai ta shiga lissafa wa mata halayen ɗan'uwanta, da murya yadda na bayan ɗaki ma zai ji.

“Bafulatani ne na asali,” in ji ta. “Bai taɓa ɗaga murya ba. Bai taɓa cin abinci a gaban mutane ba. Kuma ku shaida, ya zauna a bakin ruwa shekara da shekaru, har ya koma ga Allah bai taɓa sa kifi a bakinsa ba.”

Na ji idanun matan unguwa sun sauko a kaina ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, har yau ban san ko kuka take ko dariya ba.

Dalilin kallon shi ne ni 'yar masunta ce. Babana a kwalekwale ya girma, a dam ɗin Tiga yake su, mahaifiyata kuma suyar kifi ce sana'arta. Kuma duk unguwar an san abin da ya gudana tsakanina da Baffa a kan kifi, Goggo ce kaɗai labari bai kai wa ba. Da a wani lokaci ne da ni ma na danne dariya. Amma a ranar akwai abin da ya tokare mini ƙirji, wanda ya fi mutuwar kanta hana ni sukuni: ban sani ba ko Baffa ya tafi yana fushi da ni.

Bari in faɗi ko wane ne shi, don jikokinsa da ba su yi wayo da shi ba.

Da garken shanu ya zo ƙasar nan yana saurayi. Da aka kawo ruwan kanal, daji ya koma gonakin shinkafa da albasa, burtali ya tsuke, 'yan'uwansa da yawa suka kaɗa dabbobinsu suka yi kudu. Shi ya zauna. Ya koyi dashen shinkafa da girmansa, yara suna yi masa dariya don layinsa ba ya miƙewa. Ya rage shanun, ya bar 'yan kaɗan a turke a bayan gida, kowace da sunanta. Da asuba in ya dawo daga masallaci wurinsu yake fara zuwa, ya shafa wannan, ya yi wa waccan faɗa, kafin ya gaisa da mutane.

Dogo ne siriri, da malafa da sanda da 'yar rediyo a aljihu. Maigidana shi ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunansa ba. “Wancan” yake cewa, ko “yaron nan,” ko da kuwa yaron nan ya fara furfura. Ba ya cin abinci sai ya saki labulen ɗakinsa. Kuma komai yunwa, komai daɗin girki, sai ya bar saura a kwano. Yakan ce, “Wanda ya suɗe kwano ya gaya wa duniya cikinsa.” Game da kifi kuwa, hukuncinsa ɗaya ne: “Maciji ne da ya rasa dafi ya faɗa ruwa.”

To, irin wannan mutum ne ɗansa ya je ya ce ya ga 'yar masunta yana so. Bai hana ba, wannan zan shaide shi har gaban Allah. Abin da ya ce kawai, kuma aka tabbatar maganar ta iso kunnena kafin a kawo ni, shi ne, “Yarinya ba ta da laifi. Amma ƙarni ba zai tsallake zaurena ba.”

Haka na shigo gidan. Ni da na tashi ana karyawa da romon kifi, sai na koma in kwaɗayi ya dame ni in tafi gidanmu in ci, in wanke hannu da lemon tsami, in tauna kanumfari a hanya kamar wadda ta yi sata. In na dawo na durƙusa gaishe shi daga bayan ƙyaure, sai in ji ya ja hanci sau ɗaya, ya ce, “An gaishe da mutanen gida?” Ya sani sarai.

Tsakanina da shi kuwa gaisuwar ce kawai, kamar yadda surukuta ta gada. Ba ya kallon fuskata, ba na kallon tasa. “'Yar masunta” yake ce mini in yana magana da Inna, ni kuma in ji ta katanga. Kada wani ya ɗauka mugu ne. Lokacin haihuwata ta fari, kullum da safe sai in ji tari a ƙofar sashenmu, in an fita a tarar da ɗaurin itacen wankan jego da ƙwaryar madara mai ɗumi, mai tarin kuma ya ɓace. Ranar suna ya ja karsana da hannunsa ya ce ta jaririya ce. Amma bai taɓa cewa da ni sannu ba, ni ma ban taɓa cewa na gode ba. Maganarmu duk a kwano take. In na yi girki in kai ƙofar ɗakinsa in yi sallama in ajiye, Inna ta dawo mini da kwanon, in buɗe in karanta. Saura kaɗan, girki ya yi. Saura da yawa, a sake lale.

Muna nan a haka har girma ya kama shi, hawan jini ya shigo, haƙora suka fara sallama. Maigidana ya kai shi asibiti a Kura. Likita ya ce a rage gishiri, a bar jan nama, a bar man shanu, a riƙa ba shi kifi. Maigidana ya ba ni labari, wai Baffa ya dubi likitan nan sama da ƙasa, ya ce, “Ɗana, kai Bahaushe ne ko?” Likita ya ce e. Baffa ya ce, “To ai shi ya sa.” Ya ɗauki malafarsa.

Man shanun dai Inna ta ɓoye, naman ma ba ya iya taunawa. Sai ya koma daga kunu sai gayan tuwo. Mutumin da dama ba jiki ba, ya zama in iska ta taso sai ka ji tsoron babbar rigarsa za ta tafi da shi. Ran nan Inna ta same ni a madafa, ta zauna a kan turmi, ta ce, “'Yar nan, ke kika san kan abin nan. Ki taimake ni kada tsohon nan ya ƙare a tsaye.”

Wata maƙwabciya ta ba ni shawarar in daka busasshen kifi in zuba a miya ba tare da ya sani ba. Na ƙi. Mutumin da yake jin ƙarni ta cikin kanumfari ba za a yi masa wannan ba, kuma ban ga dalilin da zai sa abincin gidanmu ya shiga ɗakinsa a ɓoye kamar abin kunya ba. Na aika wa Babana ya kawo karfasa manya. Na wanke da toka da lemon tsami, na yi miya da citta da masoro da daddawa, na ce wa Inna ta gaya masa abin da ke ciki.

Kwano ya dawo tas. Washegari ma tas. Wayyo daɗi! Har gida na je na ba mahaifiyata labari, tana guɗa, tana cewa ai dama babu bakin da ya fi ƙarfin miyar gidanmu. Muka yi ta haka kwana da kwanaki. Sai dai Baffa bai ƙara ko tsoka ɗaya ba, kyanwar gidan kuwa ta yi ɓul-ɓul, gashinta har sheƙi yake, ta daina kula ɓeraye. Wata rana iska ta ɗage labulensa ina wucewa da tulu, na gan shi a tsugune yana juye mata kifin, yana lallashinta da Fulatanci ta yi sauri.

Na koma na gaya wa Inna ina hawaye. Ta ce, “Na sani, na rasa yadda zan gaya miki ne. Ke ma da kin lura. Yaushe Baffanku ya taɓa cinye kwano? In kin ga kwano tas, to ba shi ya ci ba.”

Abin ya yi mini ciwo, ba don miyar ba. Washegari na kai kwanon, na yi sallama, amma maimakon in juya sai na tsaya a bayan labulen. Na ce, “Baffa, in ba za ka ci ba, ka dawo mini da shi yadda yake. Babana cikin sanyi ya shiga ruwa ya kamo shi, da shekarunsa. Don kai ya kamo, ba don kyanwa ba.”

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa masa jimla biyu ba. Inna da ke shara ta saki tsintsiya. Can sai na ji muryarsa daga ciki, a hankali: “Na ji.”

Ranar kwano ya dawo a cike. Washegari a cike. Na ce a raina shi ke nan, na yi wa suruki tsaurin ido, na kuma rasa ɗan abin da ke tsakaninmu. Ban fasa kaiwa ba dai. Sannu ba ta hana zuwa. Ran nan na buɗe murfi sai na ga an tsakuri gefen kifin, ɗan mitsitsi, kamar ɓera ya taɓa. Na kai wa Inna ta gani. Ta ce, “Ya toshe hanci, ya runtse ido, ya haɗiye da ruwa kamar ƙwayar magani. Ya ce kada in gaya miki.”

Daga nan karatu ya fara, kuma ɗalibin nan ba mai saurin ganewa ba ne. Na gane ɗanyen kifi a miya ya yi masa nauyi, sai na koma banda, wanda hayaƙi ya kashe wa ƙarni. Ya ɗan ƙara loma. Na soya masa karfasa ƙayau da yajin ƙuli, wai ko zai tuna da tsire. Ai kuwa ya tuna, ya kai loma da sauri, ƙaya ta maƙale masa a wuya. Gidan ya hargitse, wannan na cewa ya haɗiyi tuwo, wancan na bubbuga masa baya. Da ta wuce ya samu numfashi, abin da ya fara cewa shi ne, “Ban gaya muku ba? Macijin nan sai da ya sare ni.”

Da labari ya kai wa Babana, bai aiko kowa ba, da kansa ya zo da kifi a leda. Ya zauna da Baffa a zaure, ya sa aka rufe ƙofa. Ni ina soro na biyu ina kasa kunne. Na ji Babana yana cewa, “Malam, kai ka saba da abin da ake yaga. Wannan ba a yi masa gaggawa. Ka kwantar da shi, ka bi bayansa da yatsa, tsokar da kanta za ta rabu da ƙayar.” Baffa ya ce shi fa ba ci zai yi ba, kallo yake. Babana ya ce, “Kalli da kyau dai. Ba ka ji malamai suna faɗa a wa'azi ba, abin da za a fara ba 'yan Aljanna su ci hantar kifi ce?”

Sai Baffa ya ce, “Da gaske?”

“Je ka tambayi liman.”

Ya kuwa je ya tambaya. Da ya dawo ya ce wa Inna, “Ashe gara mutum ya fara koyo tun daga nan, kada a je can a ji kunya.”

Farfesun tarwada ne ya ƙarasa shi. Ba ta da ƙaya da yawa, tsokarta da laushi, in aka wanke yauƙin da ruwan zafi aka sa kimba da tafarnuwa da ɗan attaruhu, ko mai mura sai ya ji ƙamshin. Nan ne kwano ya fara dawowa yadda na san kwanon Baffa: an ci sosai, an bar 'yar saura don kunya. Jikinsa ya dawo, ya koma zuwa gona da sandarsa yana yi wa masu ban ruwa gyara. Amma bai taɓa yarda wai yana jin daɗi ba. In Inna ta tsokane shi sai ya ce, “Magani nake sha.” Sai dai maganin nan, in aka kwana biyu ba a kawo ba, za ka ji yana tambaya ko masunta sun shiga yajin aiki ne. Har ya kai ga aiko mini da gyara ta bakin Inna: wai na jiya ya fi na yau, wai kan ya fi wutsiya. Ya iya bambance kifin dam da na kiwo daga loma ɗaya.

Abu ɗaya ne bai sassauta ba. In baƙi za su zo daga ruga, tun da safe zai sa a kunna turaren wuta a ɗakinsa, a kawar da tukunyata bayan rumbu. Duk unguwa an san yana ci, yara ma sun sani, amma ba wanda ya taɓa faɗa a gabansa. An bar kaza cikin gashinta.

Da a nan labarin ya tsaya, da na yi zaman makokinsa da zuciya sakayau. Sai dai a shekararsa ta ƙarshe abu ya shiga tsakani. Shanun sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, wata an sayar, wata ta tsufa, har ta ƙarshen ta kwanta ba ta tashi ba. Turke ya zama fili. A shekarar kuma tumatir ya yi kwantai, aka riƙa zubar da shi a bakin hanya. Maigidana ya ce ba zai sake dogara da abu ɗaya ba, zai haƙa ramin kiwon kifi, kuma babu inda ya dace kamar tsohon turken, tunda yana kusa da ƙaramin kanal. Babana ya ba shi shawarar yadda zai yi. Maigidana ya nemi izinin Baffa, Baffa ya ce, “Gidanka ne.” Wanda ya san Baffa ya san wannan ba amincewa ba ce.

Ranar da aka tumɓuke turakun yana zaune a inuwa yana kallo. Da yamma na ji shi ta katanga yana ce wa Inna, “Shanu sun tafi, kifi ya zo. 'Yar masunta ta gaje mu da ranmu.” A gari ma haka ake faɗa, wai ni na zuga mijina. Ba ni na kawo shawarar ba, amma wa zai tsaya ya tantance? Daga ranar kwano ya koma dawowa kusan a cike. Gyaran da yake aiko mini ya tsaya. Ciwon ma ya taso masa a lokacin, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya, sai na rasa gane wanne ne ciwo wanne ne fushi. Sau da yawa nakan tsaya a bayan labulen da niyyar in ce ya yafe mini in na ɓata masa, sai bakina ya yi nauyi in juya.

Ranar Talata, jajibirin rasuwarsa, ya tashi da sauƙi har ya zauna a ƙofar ɗaki ya sha hantsi. A ranar ne kuma maigidana ya fara kama kifin ramin. Na zaɓi tarwada mafi kyau, na yi farfesu, na zare ƙayar duka saboda rauninsa, na kai da la'asar. Kafin magariba Inna ta miƙo mini kwanon a gurguje ta koma, don numfashin ya fara sarƙe masa. Na buɗe. Tas, ko romo babu. Na ɗaga kai, sai ga kyanwa, jikar waccan ta farko, tana fitowa daga ɗakinsa.

Na ce shi ke nan, ya gane kifin turkensa ne, ya mayar da ni inda muka fara. Washegari da hantsi ya cika, ban samu na ce masa komai ba. Inna kuma ta shiga takaba. Ta yaya za ka tunkari matar da ta rasa mijinta jiya da zancen kwano? Haka na yi ta karɓar gaisuwa, ana ce mini ya haƙuri, ina cewa haƙuri sai ma'aiki, alhali abin da ke cina daban ne.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha a waje, muna zaune a ɗakin Inna, Goggo ta sake ɗauko zancenta. Wannan karon ta ƙara da cewa ita tun da ta zo take jin wani ƙarni daga wajen ramin kifin, kuma in ana son ran mamaci ya kwanta, a cike ramin nan. Ta faɗa tana kallon bango, amma kowa ya san da wa take.

Inna ta ajiye carbinta. Muryarta a dashe ta ce, “Goggo, ki bar zancen nan haka. Ɗan'uwanki ya ci kifi. Ya ci na dam, ya ci banda, ya ci soyayye har ƙaya ta kama shi. Da shi ya ƙara shekarun da ya ƙara.”

Goggo ta dafe ƙirji tana salati.

Inna ta juyo wurina. “Ke kuma matso, akwai saƙonki a wurina, tashin hankali ya mantar da ni. Ranar Talata da kika kawo, ya kai loma ɗaya ya tsaya, ya ce, ‘Wannan ba na dam ba ne.’ Na ce na ramin da aka haƙa a turke ne. Ya daɗe yana kallon kwanon, har na miƙa hannu zan ɗauke. Sai ya ce, ‘Ashe turken bai mutu ba, yana ciyar da gida.’ Ya ci gaba da ci. Kyanwa ta zo ta zauna, ya ce mata, ‘Yau babu rabonki.’ Ya cinye, ya shanye romon, ina kallo ya sa yatsa ya suɗe kwanon. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa gani ba. Na ce, ‘Malam, yau ina kunyar?’ Ya ce, ‘Kunyar wa? Girkin 'yata ne. Ki ce mata gobe ta ƙara.’”

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Tun ranar Laraba nake hawaye, amma wannan daban ne, irin wanda in ya fita sai ka ji ƙirjinka ya zama wasai. Matan suka yi ta ba ni haƙuri, ba su san ba haƙuri nake bukata ba, sauke kaya nake yi. Shekara da shekaru ina 'yar masunta ta bayan katanga, ashe da “'yata” ya rufe bakinsa. Daren nan na yi barcin da rabona da shi tun ranar da aka tumɓuke turakun.

Washegari na tashi da wuri na sa maigidana ya shiga ramin. An ce in ƙara, kuma ban taɓa saɓa wa Baffa a kan kwano ba. Na ɗora babbar tukunya a tsakar gida, ba a bayan rumbu ba, na yi farfesun da ya ishi duk wanda ya zo gaisuwa, sadaka ga mai shi. Na zuba na Goggo daban, na kai mata ɗaki, na ce mata ga abin da ke ciki, in ba za ta ci ba ta dawo mini da shi yadda yake. Ta kawar da kai. Da aka dawo da kwanon na buɗe, sai na ga an tsakuri gefe, ɗan mitsitsi. Na rufe. Na san wannan hannun, na gidansu ne.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da itacen da ya sara mini da madarar da ya ajiye a ƙofata bai jira godiya ba. Allah Ya sa yana cikin waɗanda za a fara miƙa wa abincin nan da liman ya tabbatar masa. In an miƙo, ba na jin tsoron zai ji kunya. Ya riga ya koya, a hannuna.